Tabarau na PlayStation VR2 a kan kwamfuta: abin da ya kamata a sani kafin a fitar da kuɗi

PlayStation VR2 tabarau ne na lantarki da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya ƙera. Ana ɗaura shi a kai ya rufe idanu, sai mutum ya riƙa ganin kansa a cikin hoton da na'ura ke zanawa, tamkar yana tsaye a wurin. Da farko an yi shi ne don akwatin wasa na PlayStation 5 kaɗai. Daga ranar 7 ga watan Agusta na 2024 kuma, Sony ya fara sayar da wani ɗan akwatin haɗi, wato adafta, wadda ke ba tabarau ɗin damar aiki da kwamfuta mai Windows.

A Damagaram, wuraren da samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation ba baƙin abu ba ne a unguwanni, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari. Amma irin wannan kaya yakan iso ne daga nesa: daga Kano, daga Yamai, ko a jakar wani ɗan uwa da ya dawo daga Dubai ko Faransa. Idan ya iso bai yi aiki ba, mayar da shi wuya gare shi. Shi ya sa bincike kafin saye ya fi komai muhimmanci a nan. Adaftar ita ce mafi arha a cikin kayan. Abin da zai sa tabarau ɗin ya yi aiki ko ya ƙi shi ne irin kwamfutar da ke gidan, sai kuma wuta da yanayin ɗakin.

Yadda tabarau ɗin yake aiki

A cikinsa akwai ƙananan allunan hoto guda biyu irin na OLED, ɗaya ga kowane ido, kowanne da ɗigon hoto 2000 a faɗi da 2040 a tsaye. Kowane ido yana ganin hoton da ya ɗan bambanta da na ɗan uwansa, kamar yadda yake a gani na zahiri, kuma daga wannan bambancin ne ƙwaƙwalwa ke gane nisa da kusa. Faɗin abin da ake gani ya kai kusan digiri 110. Hoton yana sabuntuwa sau 90 ko sau 120 a cikin daƙiƙa ɗaya.

A gaban tabarau ɗin akwai kyamarori huɗu da ke kallon ɗakin, suna lura da bango, kujeru da shimfiɗa, don su gane inda kan mutum ya juya. Su ne kuma ke bin sawun manet biyu da ake riƙewa a hannu, waɗanda Sony ya sa wa suna Sense. Waya ɗaya ce ke fita daga tabarau ɗin, mai tsawon mita huɗu da rabi, da baki irin na USB-C.

Tabarau ɗin ba ya zana hoto da kansa. Aikin na'urar da aka jona shi ne, kuma aiki ne mai nauyi: hoto biyu masu ɗigo sama da miliyan 8 a haɗe, aƙalla sau 90 a daƙiƙa. Idan na'urar ta gaza, hoton zai riƙa makara bayan motsin kai, daga nan jiri da tashin zuciya ke biyowa.

Daga akwatin wasa zuwa kwamfuta

Shekarar 2016 ce irin waɗannan tabarau suka shiga kasuwa sosai. A cikinta aka fitar da Oculus Rift da HTC Vive don kwamfuta, sannan a watan Oktoba Sony ya fitar da PlayStation VR na farko don PlayStation 4. Na biyun, VR2, ya fito ranar 22 ga watan Fabrairu na 2023 a kan kusan yuro 600, wato ya fi akwatin PlayStation 5 ɗin kansa tsada a lokacin.

Kasuwarsa ba ta yi armashi ba. Wasannin da aka yi masa ba su da yawa, kuma ba ya karɓar wasannin tabarau na farko. A watan Maris na 2024 kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa Sony ya dakatar da ƙera shi na wani lokaci saboda tarin waɗanda ba a sayar ba. Wata guda kafin haka kamfanin ya riga ya sanar cewa yana gwada shi a kan kwamfuta. A watan Yuni ya bayyana adaftar, a watan Agusta ta shiga kasuwa.

Ƙofar da aka buɗe ita ce Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet da kamfanin Valve na Amurka ya kafa a 2003. Sashenta mai kula da tabarau shi ake kira SteamVR, kuma yana da dubban wasanni da manhajoji. Wanda zai yi amfani da tabarau ɗin a kwamfuta ba ya buƙatar mallakar PlayStation 5.

Irin kwamfutar da ake buƙata

Ga mafi ƙarancin abin da Sony ya gindaya:

Windows 10 ko Windows 11, mai bit 64.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kai Intel Core i5-7600 ko AMD Ryzen 3 3100.

RAM ta kai giga 8.

Katin hoto ya kai NVIDIA GeForce GTX 1650, ko AMD Radeon RX 5500 XT ko RX 6500 XT. Don aiki mai kyau kamfanin ya ba da shawarar RTX 3060 ko RX 6600 XT zuwa sama.

Kafar DisplayPort 1.4, babba ko ƙarama, da kafar USB 3.0.

Bluetooth 4.0 ko wanda ya fi shi.

A cikin kwalin adaftar akwai abin jona ta da wuta, amma babu wayar DisplayPort. Wannan daban ake saye, kuma dole ta kasance mai ɗaukar 1.4. Kwamfutocin Mac ba sa cikin lissafin.

Wuraren da ake yawan yin asara

Na farko, kwamfutar tafi-da-gidanka. Yawancin waɗanda ake samu a kasuwanninmu tsofaffin kwamfutocin ofis ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka. Suna da kyau wajen rubutu da kallo, amma ba su da katin hoto mai zaman kansa. Ko an rubuta Core i7 a jikinsu, wannan bai wadatar ba. Hatta waɗanda aka yi don wasa, da yawansu kafar HDMI kawai gare su, kuma HDMI ba ta aiki da wannan adaftar. Wayar da ke mayar da HDMI zuwa DisplayPort ma ba mafita ba ce. Wasu kwamfutocin suna fitar da hoto ta kafar USB-C, amma sai idan kafar tana haɗe kai tsaye da babban katin hoton, kuma ba hanyar da Sony ya lamunce ba ce.

Na biyu, tsofaffin katunan hoto masu ƙarfi. GTX 1060, GTX 1070, GTX 1080 da RX 580 sun yi suna a zamaninsu, har yanzu ana samun su na hannu da sauƙin kuɗi. GTX 1080 ya fi GTX 1650 ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da haka ba ya cikin waɗanda aka yarda da su. Dalilin shi ne tabarau ɗin yana buƙatar wata dabarar matse hoto a kan DisplayPort, wadda ake kira DSC, kuma katunan NVIDIA sun fara zuwa da ita ne daga zubin 2018. Girman lamba ko kirarin mai shago ba hujja ba ne. A duba sunan katin a kwatanta da jerin da ke sama.

Na uku, wurin saka waya. Kwamfutar tebur takan zo da kafofin hoto a wuri biyu: na sama kusa da kafofin USB, da na ƙasa a jikin katin hoton. Na ƙasan ake buƙata.

Na huɗu, Bluetooth. A PlayStation 5 manet ɗin suna magana da akwatin ba tare da wahala ba. A kwamfuta kuwa sun dogara ne da Bluetooth ɗinta, kuma adaftar Sony ba ta ɗauke da shi. Idan ya yi rauni, hannun mutum a cikin wasa zai riƙa daskarewa ko tsalle. Wannan shi ne ƙorafin da aka fi yi tun fitowar adaftar. Idan allon kwamfutar yana da Bluetooth a ciki, a ɗaura masa eriyarsa ta baya. Idan ɗan ƙaramin na sakawa ne, irin ASUS USB-BT500 ko TP-Link UB500 da ke cikin waɗanda Sony ya gwada, a sa shi a kafar USB 2.0, a jawo shi gaba da wayar ƙari. Kafofin USB 3.0 suna fitar da hayaniyar da ke damun Bluetooth idan sun yi kusa da shi.

Akwai ƴan katunan da ba sa buƙatar adaftar. Wasu daga cikin jerin RTX 20 da RX 6000 sun zo da kafar USB-C ta musamman mai suna VirtualLink, wadda ke ba da hoto da wuta lokaci guda. An daina yin ta a yawancin katuna, amma wanda yake da ita ya gwada kafin ya sayi komai.

Yadda ake haɗawa

A fara da buɗe asusun Steam, kyauta ne. Daga nan a sauke manhajoji biyu, su ma kyauta: SteamVR da PlayStation VR2 App. Ta biyun ce ke jagorantar sauran matakan a kan allo.

Sai a haɗa manet ɗin da Bluetooth. A na hagu ana danne maɓallin PS tare da na Create, a na dama maɓallin PS tare da na Options, har fitilarsu ta fara ƙiftawa, sannan a zaɓe su a cikin jerin na'urorin Bluetooth na Windows. Na'ura ɗaya suke riƙewa a lokaci guda. Wanda zai koma PlayStation 5 sai ya sake haɗa su da akwatin ta waya.

Bayan haka a jona adaftar ta wuri uku: wayar USB ɗinta a kafar USB 3.0 ta kwamfutar kai tsaye, wayar DisplayPort a katin hoto, abin wutarta a soket. Wayar tabarau ɗin tana shiga ta gabanta.

Daga ƙarshe a ɗaura tabarau ɗin, a murza ɗan ƙawanyar da ke samansa har gilasan su daidaita da tazarar idanu, a kalli kewayen ɗakin don kyamarori su auna shi, a tabbatar da tsayin daɓe. Wasa a zaune ko a tsaye wuri ɗaya yana buƙatar fili mai mita 1 da mita 1. Wanda ake takawa a cikinsa yana buƙatar mita 2 da mita 2.

Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Kaifin hoton da faɗinsa suna nan yadda suke. Haka ma maɓallin da ke nuna wa mutum ɗakin ta kyamara ba tare da ya cire tabarau ɗin ba, da sauti mai zuwa ta kowane ɓangare a wasannin da aka yi su da shi. Baƙin OLED baƙi ne na gaske, abin da ke sa wuraren duhu su fito da kyau.

Sony ya bayyana tun farko cewa wasu abubuwa ba sa aiki a kwamfuta: bin motsin ƙwayar ido, hasken HDR, girgizar tabarau ɗin a goshi, da taurin kunamar manet mai canzawa gwargwadon abin da aka riƙe. Girgizar hannu ta yau da kullum kawai ta rage. Wasu masu rubuta manhaja masu zaman kansu sun buɗe wasu daga cikin waɗannan a 2025, amma kamfanin bai ɗauki nauyin aikinsu ba.

Wasannin da aka saya a PlayStation ba sa bin mutum zuwa kwamfuta, sai ya sake saye a Steam. A can ne ake samun Half-Life: Alyx na Valve, wanda ya fito a watan Maris na 2020, da Microsoft Flight Simulator mai koyar da tuƙin jirgin sama. Ban da wasa, akwai Google Earth VR, kyauta, da ke ba mutum damar shawagi a saman birane da tsaunuka. Ɗaliban zanen gini kuma za su iya shiga cikin abin da suka zana a manhajar Blender su duba shi da girmansa.

Lissafin kuɗi

Da yake darajar Sefa a ɗaure take da yuro, kusan Sefa 656 a kan yuro ɗaya, lissafin yana da sauƙi. Adaftar ta fito a kan kusan yuro 60, wato jika 39 da ɗoriya. Tabarau ɗin da manet biyu ya fara a kan kusan jika 394, sannan a watan Maris na 2025 Sony ya sauke shi zuwa kusan yuro 450, wato jika 295. Wannan farashin Turai ne, ban da kuɗin kawowa, na duwan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun watan Janairu na 2024 jika 42 ne, ke nan adaftar kaɗai ta kusa cinye albashin wata guda. Kwamfutar da za ta iya aikin, idan babu ita a gida, tana iya fin tabarau ɗin kuɗi.

Akwai kuma kuɗin intanet. Half-Life: Alyx ya haura giga 60. A layin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom, wannan sai an yi shiri, a nemi tsarin dare ko wurin da ke da layi marar iyaka. Biyan kuɗin wasa yana buƙatar katin banki na Visa ko Mastercard mai aiki a waje, ko katin kuɗi na Steam.

Batun yanki ma abin dubawa ne. Nijar ba ta cikin ƙasashen da ke da rajistar PlayStation Network a hukumance. A watan Mayu na 2024 an cire wasan Helldivers 2 na Sony daga kasuwar Steam a ƙasashe sama da 170 da ke cikin irin wannan hali, kafin daga baya a sassauta. Don haka a sauke PlayStation VR2 App da asusun da za a yi aiki da shi tun kafin a aika kuɗin saye. Gwaji ne da ba ya cin komai sai ɗan intanet.

Wuta, zafi da ƙura

Kaso mai yawa na wutar da NIGELEC ke rabawa a yankin Damagaram da Maraɗi yana shigowa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Mutanen gari ba su manta watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da aka katse layin. Ko a lokacin da komai ke daidai, ɗaukewar wuta a bazara abu ne sananne. Kwamfutar tebur tana mutuwa nan take idan wuta ta ɗauke, kuma dawowarta da ƙarfi na iya ƙona kaya. Katin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma NVIDIA ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550 ga kwamfutar da ke ɗauke da shi. Ana buƙatar na'urar daidaita ƙarfin wuta, da akwatin batir mai riƙe wuta wanda masu shago ke kira “onduleur”, mai ƙarfin da ya dace. A jona adaftar a jikinsa tare da kwamfutar. Idan ana cikin sabunta manhajar tabarau ɗin, kada a bari wuta ta yanke.

Zafi shi ne na biyu. Sony ya ƙayyade wa PlayStation 5 yanayi tsakanin digiri 5 da 35, kuma kayan lantarki na gida galibi a wannan iyakar suke. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Damagaram yana haura digiri 40. Katin hoto da ya yi zafi yana rage gudunsa da kansa, sai hoton ya fara tsinkewa. Gumi kuma yana dusashe gilasai. Safiya da dare sun fi dacewa.

A hunturu, ƙura ce ke toshe fankokin kwamfuta da ƴar fankar da ke cikin tabarau ɗin. A riƙa mayar da shi kwalinsa bayan an gama. A goge gilasan da busasshen ƙyalle mai laushi irin na tabarau, ba da gefen riga ko rawani ba, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su. Kada a bar hasken rana ya faɗa kan gilasan ko na ɗan lokaci: suna tattara hasken su ƙona allon ciki, kuma tabon ba ya gyaruwa. Wasa a tsakar gida da rana bai dace ba.

Kyamarorin suna son ɗaki mai haske daidai. Duhu, babban madubi ko farin bango marar komai suna rikita su. A kuma duba sama kafin a fara. Mutumin da idonsa ke rufe yana ɗaga hannu ya manta da fankar rufi.

Lafiya

Sony ya ce ba a yi tabarau ɗin don yara ƴan ƙasa da shekara 12 ba. Wanda ya fara amfani da shi ya soma da mintuna kaɗan, a zaune, ya cire da zarar ya ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya. Hutun kwata a kowace awa yana taimaka wa ido. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna.

Mai niyyar saka shi a wurin wasa na haya ya tuna cewa robar tana manne da fuska. A goge ta tsakanin mutum da mutum, a kuma jingine shi a lokacin da ciwon ido na apolo ke yawo a gari.

Tsohon tabarau da sauran zaɓi

PlayStation VR na 2016 yana nan a kasuwar kayan hannu da arha. Wannan adaftar ba tasa ba ce, kuma Sony bai taɓa buɗe shi ga kwamfuta ba. Akwai manhajojin wasu mutane, irin Trinus PSVR da iVRy, da ke sa shi ya nuna hoto ta HDMI, amma bin motsin jiki da na hannu yana da rauni, hoton kuma ɗigo 960 da 1080 ne kawai ga kowane ido. Ya isa kallon fim ko wasan tuƙin mota a zaune.

Wanda ba shi da PlayStation 5, ba shi kuma da kwamfuta mai ƙarfi, zai fi samun biyan buƙata a tabarau mai aiki shi kaɗai da batir. Meta Quest 3S, wanda ya fito a watan Oktoba na 2024 a kan kusan dalar Amurka 300, yana cikin irinsu, kuma ana iya jona shi da kwamfuta daga baya ta waya ko ta Wi-Fi.

Kafin a biya

Wanda ya riga ya mallaki VR2 da kwamfutar tebur mai katin da ya dace, adaftar da wayar DisplayPort sun ishe shi. Wanda zai fara daga tushe ya bi wannan tsari: ya duba sunan katin hotonsa, ya leƙa bayan kwamfutar ya ga kafar DisplayPort da idonsa, ya gwada Bluetooth, ya sauke manhajojin biyu, sannan ya yi zancen saye.

Idan a Kano za a saya, a Farm Centre ko titin Beirut, ko a hannun wani a nan gari, a nemi a kunna shi a gaban mai saye. A duba gilasai ko akwai karce, a duba allo ko akwai tabon rana, a bi wayar daga farko zuwa ƙarshe, domin ba irin wadda ake zarewa a sauya cikin sauƙi ba ce. A tabbatar manet biyun suna nan kuma suna ɗaukar caji. Ba tare da su ba, yawancin wasannin SteamVR ba sa buguwa.